Yaro mai son zane: wace hanya zai bi daga kolej zuwa lise?

 

Hirarmu ta yau a kan karatun zane ce. Da yawa cikinku kuna da ɗiya a kolej ko a lise. Kai maigida, yanzu da ka iya karatu, wataƙila ka buɗe kayen ɗanka, ka tarar da bayansa cike da zanen mota da doki da gidan sama. Ranka ya ɓaci, ka ce kuɗin kaye ya tafi a banza. Ke uwargida, wataƙila ɗiyarki ta fi son zanen riga bisa haddar darasi. Kafin a kai ga faɗa, ku saurara. Zane karatu ne mai rassa da yawa. Akwai lokacin da ake zaɓen reshen da za a bi. In lokacin ya wuce ba ku sani ba, komawa baya da wuya.

Mi ake koyo a darasin zane? Abu na farko shi ne kallo. Malami yakan aje tulu bisa tebur, ya ce ma yara su zana shi. Wanda bai koya ba zai zana tulun da ke cikin kansa. Wanda ya koya zai dubi tulun da ke gabansa. Zai auna tsawonsa da faɗinsa da ido. Zai lura ta ina haske ya faɗo, ta ina inuwa ta kwanta. Da inuwar nan ne tulu ke yin ciki bisa takarda, ya zama kamar ka sa hannu ka ɗauka. Bayan haka sai launi. Da ja da rawaya da shuɗi ake haɗa launuka masu yawa. Shuɗi da rawaya su ba da tsanwa. Ja da rawaya su ba da ruwan lemo. Marina sun daɗe da sanin irin wannan, ko da ba su je lakwal ba.

Akwai wani zanen da ba a yin shi da ido kaɗai. Shi ne zanen awo. Da shi ake zana gida kafin a gina, da ƙofa kafin a ƙera, da gada kafin a zuba siminti. Ga yadda yake. A ce santimita 1 bisa takarda yana tsaye a madadin mita 1 a ƙasa. To, ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 zai zama santimita 4 da santimita 3 bisa takarda. Kai ma kana iya gwadawa yau da dare, ka zana ɗakinka. In mai zane ya kuskure da santimita guda, magini zai kuskure da mita guda. Kun ga ke nan wannan reshe ba ya rabuwa da lissafi. Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Wani reshen kuma kuna ganin shi kullum a kasuwa. Allon da ke bakin shagon tela ko na mai aski, wani ne ya tsara shi. Takardar da ke manne a asibiti, mai nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wani ne ya zana ta don wanda bai iya karatu ba ya gane. Littafin da kuke koyon baƙaƙe da shi, hotunan da ke ciki hannun mutum ne. Yau ana yin yawancin wannan aiki da kwamfuta. Amma kwamfuta ba ta koya ma mutum inda zai aje babban harafi da inda zai aje ƙarami.

Sai zanen tufafi, da ɗaukar hoto, da sinima, da aikin yumɓu da fata da azurfa. Tukwanen Mirya, da aikin dukawan Damagaram, da na maƙeran Agadas, da adon da magina ke yi a fuskar gidajen Birni, duk da zane suke farawa, ko a takarda, ko a ƙasa, ko a cikin kai.

Yanzu mu dubi lakwal. Kolej shekara 4 ce, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC. Lise shekara 3 ce, a ƙarshenta a yi bak. A lise ta gama-gari yara na rabuwa kashi-kashi. Kashin A ya fi ƙarfi wajen harsuna da adabi da tarihi. Kashin C ya fi ƙarfi wajen lissafi. Kashin D ya fi ƙarfi wajen ilimin halittu. Babu ko ɗaya cikinsu da aka keɓe ma zane. A Faransa, inda tsarin lakwal ɗinmu ya samo asali, tun gyaran da suka yi a 2019 ɗan lise na iya ɗaukar zane ya zama babban darasinsa, awa 4 a mako a aji na biyu, awa 6 a ajin ƙarshe. Namu tsarin ba haka yake ba. Saboda haka yaronmu mai son zane sai ya yi dabara. Ya zaɓi kashin da zai kai shi ƙofar makarantar da yake so bayan bak, hannunsa kuma kada ya bar zane a gida.

Wanda ke son zanen gini, kada ya gudu ma lissafi. Nan ne yara da yawa ke yin kuskure. Yaro ya ce shi mai zane ne, ba ruwansa da alƙaluma, ya ruga kashin A don ya huta. Bayan shekara 3 ya tarar da hanyar da yake so ta yi masa nisa. Irin wannan yaro C ko D ta fi dacewa da shi, ko kuma lise ta fasaha, kamar ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, inda zanen awo ke cikin darussa. A Lome, babban birnin Togo, akwai makarantar zanen gini da tsara birane da ake ce ma EAMAU. Ta ƙasashen Afirka da dama ce, har da Nijar. Sai mai bak ke shiga, kuma sai ya ci jarrabawar gasa.

Ku dubi Mariam Issoufou Kamara. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi aiki da shi shekaru, kana ta koma karatun zanen gini. A 2018 aka gama aikin da ta tsara a Dandaji, cikin jihar Tawa, tare da wata abokiyar aikinta ƴar Iran. An mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi, da tubalin ƙasa. Masu cewa wannan karatu na maza ne, to ga mace ta yi. A jihar Tawa ɗin dai, masallacin Juma'a na Yama ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Falke Barmu, magini na gargajiya, shi ya gina shi. Ga mai takardar jami'a, ga wanda ya koya da laka a hannu, kowane aikinsa na tsaye ana zuwa kallo.

Wanda ke son hoto da sinima da aikin talabijin, kashin A ba ya hana shi. A Yamai akwai makarantar da a da ake ce ma IFTIC, mai horar da ƴan jarida da masu aikin ɗaukar hoto da murya. Mutanen Tawa sun san Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Kanikanci ya fara yi, amma yana zane. Daga baya ya je Kanada ya ƙaro sanin zane mai motsi. A 1966 ya fitar da wani gajeren fim na shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara wata ƙasa. Ta yaya kwaɗo na takarda ke tafiya? Injin sinima na nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Mai zane sai ya zana kwaɗon sau da yawa, kowane zane ƙafarsa ta ɗan gusa. In aka nuna su a jere da sauri, ido sai ya ga tafiya. Ku ƙiyasta yawan takardar da minti 5 zai ci. Wannan aiki ba na malalaci ba ne.

Mai jin Turancin Ingilishi na iya duban Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen zane da sassaƙa, da wani sashen na tsara yadi da tukwane da aikin ɗab'i. Tafiya ce mai cin kuɗi, sai an yi shiri.

To, wanda bai samu BEPC ba fa? Bai faɗi ƙasa ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake ce ma CFM a cikin ƙananan hukumomi, inda ake koyon ɗinki da aikin katako da na ƙarfe. Yaro mai zane ya riga ƴan'uwansa da taki guda a can, don shi yana iya zana kujera kafin ya yanka katako. Akwai kuma zama wurin gwani, kamar yadda kakanninmu suka yi. In kun je Yamai, ku kai shi gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, mai sunan Bubu Hama. Masu sana'ar hannu na aiki a cikinsa, ana tsayawa a kalle su.

Wasu iyaye abin da ke damunsu daban ne. Suna tambaya a kan zana abu mai rai, ko addini ya yarda. Wannan tambaya ta malamai ce, ku kai musu ita. Abin da za mu ce kawai shi ne rassa da yawa ba su da mutum ko dabba a ciki. Zanen gini babu. Tsara rubutu babu. Adon yadi da na fata galibi layi ne da kusurwa da fure. Allon zayyana da ake yi ma mai saukar Alƙur'ani, shi ma aikin mai zane ne.

Maganar kuɗi kuwa, ba za mu ɓoye muku ba. Zanen da ake ratayawa a bango don ƙawa, masu sayensa kaɗan ne a ƙasarmu. Wanda ya dogara da shi kaɗai yakan sha wuya. Rassan da ke ciyar da mutum su ne waɗanda jama'a ke bukata kullum: gini, da ɗinki, da allon shago, da littafi, da hoton biki. Ku gaya ma yaro haka tun da wuri, ya zaɓa da idonsa buɗe.

Ga abin da za ku yi a bana. Ku ware masa kaye guda na zane, don ya bar na darasi ya huta. Ya riƙa rubuta kwanan wata a ƙarƙashin kowane zane, ya adana su cikin leda saboda gara da ruwa. Ranar da zai nemi shiga wata makaranta ko wurin wani gwani, su ne shaidarsa. In yana ajin ƙarshe na kolej, kada ku jira sai an yi jarrabawa. Ku je wurin shugaban kolej ɗin tun tsakiyar shekara, da kayen zanen a hannu. Ku tambaye shi makin yaron a lissafi, da kashin da wannan maki zai ba shi, da lokacin da ake cika takardun neman shiga lise ta fasaha. Amsar da ya ba ku, ku rubuta ta da hannunku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.