Makaɗin da ke cikin akwatin rediyo

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1923, wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, wanda ke zaune a birnin Nis, ya buga waya ta iska da harufan Morse, sai ga amsa daga wani Ba'amurke, Fred Schnell, a jihar Konetikat. Wannan ne karo na farko da masu sha'awar rediyo biyu suka yi magana da juna ta ƙetaren tekun Atlantika, kowa na jin ɗan'uwansa. Sun yi aiki a kan zango wajen mita 110. Tun a 1912 dokar Amurka ta tura irin waɗannan mutane zuwa zangon da ke ƙasa da mita 200, domin a lokacin ana tsammanin ba shi da wani amfani. To, ashe nan arzikin ya ke. A ran 18 ga Afrilu 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, watau IARU, a birnin Paris.

Har gobe akwai masu bin wannan hanya, waɗanda su ke haɗa na'urarsu da hannunsu, da dalma da waya da ƴan kayan da su ke cirowa daga tsofaffin rediyo. Kowace ƙasa da alamar kiranta: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Nijeriya da 5N. Amma kome gwanintar mutum, ba shi da ikon watsa magana sai da izinin hukumar ƙasarsa.

Zuciyar na'ura

Duk wanda ya fara wannan aiki, abin da ya kan fara ba shi wuya shi ne wani ɗan sashe da a ke kira osilata. Shi ne makaɗin rediyo. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙa kaɗa kuran gaba da baya, sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, ba sauri ba nawa. A zangon mita 40 yana kaɗawa wajen sau miliyan 7 a daƙiƙa, watau megahaz 7. Sauran sassan na'ura masu rawa ne, shi su ke bi. In makaɗi ya ɓata kiɗa, rawa ta ɓaci.

Hanyoyin gina shi tsofaffi ne. Ralph Hartley ya fito da tasa a 1915, inda a ke tsago waya daga jikin naɗin tagulla, a mai da ɗan kuran baya domin kiɗan ya ɗore. Edwin Colpitts ya kawo tasa a 1918, shi kuwa da kondansa biyu ya ke raba kuran ɗin. Akwai kuma ta dutsen kwarz. A 1880 ƴan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in an matsa wannan dutse yana fid da kuran, a 1921 kuma Walter Cady ya yi amfani da shi ya tsai da kiɗan osilata wuri guda. Irinsa ne ke cikin agogon hannu, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa.

Kaɗan ba ya isa, da yawa yana ɓatawa

Sabon shiga ya kan yi zaton in osilata ya fid da ƙarfi mai yawa, na'ura za ta fi kyau. Ba haka ba ne. Al'amarin kamar gishiri ne a miya.

A ɗauki sashen da ke gauraya kiɗan osilata da saƙon da eriya ta kamo. Irin wanda aka fi sani, mai diyod huɗu, yana bukatar miliwat 5, abin da masu aikin ke rubutawa +7 dBm. A bisa nauyin om 50, wannan rabin bolt ne, ko kuwa bolt 1.4 in an auna daga ƙololuwa zuwa ƙasa. In aka ba shi abin da bai kai haka ba, diyod ba za su buɗe su rufe sosai ba, sai rediyo ta kurumce, tashar nesa ta ɓace cikin shuu. Amma wani mai gaurayawa, kamar NE602, kashi biyu ko uku cikin goma na bolt ya ishe shi. In aka ɗura masa abin da a ke ba na farko, sai ya shiga haifar da fito da kuwwa inda babu tasha. Domin haka kafin a gina osilata, sai an san wanda zai ci abin da ya fitar.

Matsa wa osilata ya ba da ƙarfi yana da illa ta biyu, ita ce zafi. In kuran ya yi yawa cikin naɗi da taransisto, sai su ɗumama, kiɗan ya fara zamewa. Ga misali: in naɗin waya yana sākewa da kashi 50 cikin miliyan a kowane digiri, kiɗan zai goce da rabin haka, watau haz 175 a megahaz 7. Zafi ya ƙaru da digiri 10, an goce da haz 1,750. Mai sauraren Morse kuwa ƙofarsa ba ta kan wuce faɗin haz 500 ba. Ke nan abokin magana ya sulale, ya bar mutum yana murɗa mabuɗi a banza. A ƙasar da ɗaki ke da sanyi da asuba ya koma tanda da azahar, wannan lissafi ba wasa ba ne. Shi ma dutsen kwarz, in an cika masa kuran ya kan goce, har ma ya tsage.

Dabarar masu aikin

Magani shi ne a bar makaɗi ya yi kiɗansa a hankali, kada a ɗora masa kaya, domin linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A bayansa a kan sa wani taransisto ɗan tsakani, wanda ke kāre shi daga jan da sauran na'ura ke yi. Sa'an nan a sa na uku ya ƙara ƙarfi. Da yawa su kan kai shi miliwat 20, su rage da rezistans uku zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya komo miliwat 5 daidai. Wannan kamar asara ce, amma ita ke sa kowane sashe ya ga nauyin om 50 da ya saba. Ana kuma zaɓen kondansa irin NP0, waɗanda zafi bai cika taɓawa ba, a rufe osilata cikin gwangwani don kada iska ta hura shi.

Awo ba ya bukatar kayan tsada. Rezistans biyu masu om 100 in an jera su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 50. A ƙara diyod irin 1N34A da kondansa guda da ma'aunin bolt, an sami abin auna ƙololuwar kuran. In ta kai kashi 7 cikin 10 na bolt, bayan an lissafa ɗan abin da diyod ke ci, to an sami miliwat 5. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna babu nauyi, domin a nan awon zai iya ninkawa biyu, ya ruɗi mai shi.

Haƙƙin maƙwabci

A yau da yawa sun koma ga ɗan ƙaramin guntu mai suna Si5351, wanda ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa, yana ba da kiɗa har uku daga dutsen kwarz guda. Ya rage matsalar zamewa ƙwarai, amma ya zo da tasa. Kiɗansa mai kusurwa ne, yana ɗauke da ƴaƴa. In an sa shi a megahaz 7, zai fid da wani a 21, wani a 35, wannan na ƙarshe kuwa ba ya cikin rabon masu sha'awar rediyo. In ba a sa rariyar naɗi da kondansa kafin eriya ba, waɗannan ƴaƴa za su fita su shiga gonar wasu. Iska kuwa ta kowa ce: da jiragen sama, da masu aikin ceto, da gidajen rediyo, kowa da rabonsa. Wanda ya ɓata wa jama'a zango, izininsa na cikin haɗari, sunansa kuma ya ɓaci wurin abokan sana'a.

Masu aiki da ƙarfi kaɗan, wat 5 ko ƙasa da haka, su kan ƙetare nahiya da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba. Ba ƙarfi ne ke kai su ba, tsabtar kiɗa ce da tsayuwarsa. Saboda haka tsofaffin hannu su kan hori yara da abu uku: a auna kafin a haɗa, a bar osilata ya ɗumama wajen rabin sa'a a ga ko zai goce, kada kuma a ɗaura eriya sai an tabbata rariya tana aiki. Sannu ba ta hana zuwa.