Wutar Lantarki Daga Hasken Rana: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, kowa ya ji a jikinsa. Kuɗin niƙa ya ƙaru, mai noman rani kuma sai ya yi lissafi kafin ya tayar da injin ban ruwa. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi bayani a kan tashar lantarki mai aiki da hasken rana.

Yaya take aiki? Ana jera farantan sola a fili. Idan haske ya sauka a kansu, sai su ba da wuta. Wata na'ura da ake kira inbata tana juya wutar ta zama irin wadda fanka da firji suke sha. Batir kuma yana ajiye ta domin dare. Ba mai, ba hayaƙi, kuma rana ba ta ƙarewa kamar yadda itace yake ƙarewa a dajinmu.

Wannan ba labarin ƙasar Turawa ba ne. A 2019 an buɗe tasha mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. A Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Amma babbar tasha ba ta zuwa da wuri. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14, ciki har da wanda zai gina a Jigawa, aka shafe shekaru ba a gina ba.

Saboda haka, abin da ya fi kusa da ƙauyukanmu na kewayen Dutse shi ne ƙaramar tasha, wadda za ta riƙe rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani da injin niƙa. Idan aka kawo muku maganarta, ku kula da abu uku.

Na ɗaya, ƙurar hunturu tana rage wuta, don haka a sa masu goge faranti. Na biyu, batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru. Kowane gida ya riƙa biyan wani abu duk wata, kwamiti yana ajiyewa, kuma a sa mata a cikinsa. Na uku, kada kowa ya ba da gonarsa sai an rubuta yarjejeniya a gaban mai gari da shaidu.

Hasken rana kyauta ne, amma kayan kama shi amana ce a hannunmu.