BABI NA UKU: SHIRYA ƊALIBAI DOMIN JARRABAWAR ADABIN INGILISHI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda ake shirya ɗaliban aji uku na babbar sakandare domin fuskantar jarrabawar adabin Ingilishi ta Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC. Za a fara da fasalin jarrabawar, sannan a dubi matsalar da ta fi kayar da ɗalibai, daga nan a kawo hanyoyin magance ta. Batun yana da muhimmanci domin kuwa ɗalibin da yake son karanta fannin shari'a ko Ingilishi a jami'a ana buƙatar ya sami kiredit a wannan darasi. Idan ya rasa, sai ya sake zama, iyayensa kuma su sake biyan kuɗin jarrabawa.

3.1 Fasalin Jarrabawar

An kafa hukumar WAEC a shekarar 1952. A Nijeriya kuwa an fara jarrabawar kammala babbar sakandare a shekarar 1988, a ƙarƙashin tsarin ilimi na 6-3-3-4. Hukumar takan sauya littattafan da ake nazari bayan kowace shekara biyar. Misali, daga 2016 zuwa 2020 wasan Shakespeare da aka zaɓa shi ne Othello, daga 2021 zuwa 2025 kuma A Midsummer Night's Dream.

A zangon 2021 zuwa 2025 an kasa jarrabawar gida uku. Takarda ta farko ta ƙunshi tambayoyin zaɓi 50 da ake amsawa cikin awa ɗaya: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 5 a kan wani zube da ɗalibi bai taɓa gani ba, 5 a kan wata waƙa ita ma baƙuwa, sai 20 a kan wasan Shakespeare. Takarda ta biyu ta shafi zube, inda ɗalibi yake amsa tambaya ɗaya daga littafin Afirka, ɗaya kuma daga na waje, cikin awa ɗaya da minti 15. Takarda ta uku ta haɗa wasan kwaikwayo da waƙa, ana amsa tambayoyi huɗu cikin awa biyu da rabi. Takarda ta farko da ta biyu kowacce tana da maki 50, ta uku kuwa maki 100. Ke nan kashi uku cikin huɗu na makin duka daga doguwar amsa yake fitowa.

3.2 Matsalar Ba da Labari

Babbar matsalar ɗalibai ita ce ba da labarin littafi a maimakon amsa tambayar da aka yi. Wannan ya samo asali ne daga dogaro da ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda suke kawo labari cikin shafi biyu ko uku. Ɗalibi ya haddace su, ya shiga ɗakin jarrabawa ya zazzage abin da ya haddace, ko da ba shi aka tambaya ba.

A ɗauki wasan The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda aka buga a 1963. Idan aka ce a nuna wayon Baroka, sarkin ƙauyen Ilujinle, ɗalibin da ya yi hadda zai faro ne daga inda malamin makaranta Lakunle ya tare Sidi tana ɗauke da ruwa, ya yi ta bin labarin har lokaci ya ƙare. Mai tambaya kuwa abu biyu ko uku yake nema: yadda Baroka ya ba mai awon hanya toshiyar baki aka kautar da titin jirgin ƙasa daga ƙauyen, da yadda ya yi wa uwargidansa Sadiku ƙaryar cewa ƙarfin mazakuta ya ƙare masa, alhali ya san ba ta riƙe sirri, da yadda wannan ƙarya ta jawo Sidi har cikin fadarsa. Duk ɗaliban biyu sun san labarin, amma na biyu ne kaɗai ya amsa tambaya.

3.3 Hanyoyin Shirya Ɗalibai

3.3.1 Karanta Ainihin Littafi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wajibi ne ɗalibi ya karanta littafin da kansa daga farko har ƙarshe, aƙalla sau biyu, na farko domin sanin labari, na biyu domin nazari. A karatu na biyu malami ya sa kowa ya ware shafi ga kowane tauraro, yana rubuta abin da ya aikata da inda ya aikata. Idan littattafai sun yi ƙaranci a aji, sai a kasa ɗalibai rukuni-rukuni su riƙa karatu a bayyane. Shi kuwa wasan kwaikwayo, a raba wa ɗalibai matsayin 'yan wasa su aiwatar da shi, domin wanda ya fito a matsayin Lakunle ba zai manta dalilin da ya sa ya ƙi biyan sadakin Sidi ba.

3.3.2 Amfani da Sanin Adabin Hausa

Ɗalibi Bahaushe da yake ɗaukar darasin Hausa ya riga ya san jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo, da amsa-amo. Haka kuma ya san adon harshe irin su kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa. Wanda ya san bambancin cewa Audu kamar zaki yake da cewa Audu zaki ne, sunayensu na Ingilishi kawai suka rage masa. Don haka ya kamata malami ya faro daga abin da ɗalibi ya sani, sannan ya ba shi sunan Ingilishi da misali daga waƙoƙin da aka zaɓa. Wannan yana taimakawa ƙwarai wajen tambayoyin sanin adabi gaba ɗaya da na baƙuwar waƙa, domin su hadda ba ta amfani a kansu.

3.3.3 Horo a Kan Rubuta Amsa

Idan aka raba lokacin takarda ta biyu da ta uku, kowace tambaya tana samun kimanin minti 37. Ya dace tun daga zangon farko a riƙa ba ɗalibai tsofaffin tambayoyi su amsa cikin wannan lokaci. A koya musu su fara gano abin da tambaya take nema, su tsara hujjoji uku ko huɗu, kowace hujja da sakin layinta da misalinta daga littafi. Bugu da ƙari, malami ya duba rubutun ya mayar musu da gyara, domin rubutun da ba a duba ba maimaita kuskure ne kawai.

3.3.4 Wasan Shakespeare

Tambayoyin wannan sashe sukan kawo wani yanki na magana a tambayi wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da inda aka yi maganar. Tsohon Ingilishin wasan yana da wuya, saboda haka sai an bi shi fitowa bayan fitowa. A wasan A Midsummer Night's Dream, alal misali, ɗalibai sukan rikita Hermia da Helena, ko Lysander da Demetrius, musamman bayan da aljani Puck ya ɗiga maganin soyayya a idon Lysander bisa kuskure. Zana jadawalin wa yake son wa a kowane kashi yakan warware wannan ruɗani.

3.4 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa mafi yawan makin jarrabawar adabin Ingilishi yana ga doguwar amsa, wadda take neman hujja daga cikin littafi. An kuma nuna cewa karanta ainihin littafi, da ɗorawa a kan sanin adabin Hausa, da yawan gwajin rubutu su ne suke kai ɗalibi ga nasara. Duk waɗannan kuwa sai an faro su da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.