Bayyanar Maryamu a Wurin 'Yan Katolika da Abin da Take Yi wa Bangaskiyar Mutum

Babbar majami'ar Katolika ta Kano sunanta Uwargidanmu ta Fatima. Ta Jos ma sunanta ke nan. In ka haura Maraɗi, tasu ana kiranta Uwargidanmu ta Lourdes. Bahaushe da ya ji Fatima sai hankalinsa ya tafi ga sunan mace, su Binta da Fati, alhali Fatimar nan wani gari ne a ƙasar Fotugal, Lourdes kuwa ƙaramin gari ne a kudancin Faransa. Abin da ya ɗaga sunan wuraren biyu ɗaya ne: yara ne suka ce Maryamu uwar Yesu ta bayyana gare su a can, har ta yi musu magana.

Ashe ke nan zancen bai yi mana nisa ba. A ƙauyukan Karaye da Rogo, daga Daura har kan iyaka da jihar Katsina, kasuwa ɗaya muke ci da 'yan Katolika, muna auratayya, muna zuwa jana'izar juna. Tun 2023 Katsina ta sami dayosis nata, bishop ɗinta kuma, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne. Ko ba jima ko ba daɗe wani ɗan ikkilisiya zai miƙo maka waya mai ɗauke da bidiyon rana tana juyi a sama, ya ce, "Baba Fasto, wannan daga Allah ne?" Kana iya cewa aikin Shaiɗan ne ka wuce. Kana iya cewa Allah ne masani ka wuce. Ko wacce ka faɗa, ka sallame shi da tambayarsa a ciki, zai kuwa kai ta wani wuri.

Abin da aka ce an gani

A watan Fabrairun 1858 Bernadette Soubirous, 'yar shekara 14 daga gidan talakawa tilis, ta fita neman itace a bayan garin Lourdes. Ta dawo ta ce ta ga wata mace cikin fararen tufafi a bakin wani kogon dutse. Zuwa watan Yuli, sau 18 ta ce ta gan ta. Saƙon bai da yawa: a tuba, a yi addu'a domin masu zunubi, a gina ɗakin sujada a wurin. Yarinyar ta tona ƙasa a cikin kogon, ruwa ya ɓuɓɓugo, shi ne ruwan da marasa lafiya suke zuwa nema har yau. Bishop na yankin ya sa aka yi bincike, bai amince ba sai 1862. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a can mai duba duk wanda ya ce ya warke. Daga cikin mutum wajen 7,000 da suka kawo labarin warkewa, saba'in da 'yan kai ne kawai aka karɓa a matsayin mu'ujiza. Ita kanta Bernadette ruwan bai warkar da ita ba. Ta zama sista a garin Nevers, ta sha doguwar jinya, ta rasu a 1879 tana da shekara 35.

Na Fatima ya faru a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yara uku masu kiwon tumaki, Lucia da Francisco da Jacinta, babbarsu 'yar shekara 10, suka ce macen tana zuwa musu wata-wata daga Mayu zuwa Oktoba. Ranar ƙarshe, 13 ga Oktoba, dubun-dubatar mutane suka taru cikin ruwan sama. Da yawansu sun ce sun ga rana tana juyawa tana sauya launi, kamar za ta faɗo. Waɗansu da suke tsaye a fili ɗaya sun ce ba su ga kome ba, masu nazarin taurari kuma ba su rubuta wani motsin rana a ranar ba. Sai 1930 bishop ya amince.

Afirka ma tana da nata. A unguwar Zaitun ta Alƙahira, daga Afrilun 1968, taron jama'a, Kirista da Musulmi, sun ce suna ganin siffar mace ta haske a kan rufin wata majami'a, ko da yake wannan ta Kibɗawa ce, ba ta Katolika ba. A Kibeho ta ƙasar Ruwanda, 'yan makarantar kwana ta mata ne suka fara ba da labari a Nuwambar 1981. Za mu komo kansu. A gida Nijeriya, tun 1992 mutane suke zuwa ƙauyen Aokpe a jihar Binuwai saboda wata yarinya da ta ce Maryamu tana bayyana gare ta. Ranar 13 ga Oktoba 2017 kuma, da bishop-bishop na Katolika suka taru a birnin Benin domin cikar Fatima shekara 100, mahalarta da yawa sun ce sun ga rana tana rawa. Daga ranar bidiyon ya bazu a wayoyin mutane.

Abin da Katolika da kanta take koyarwa

A nan ne yawancinmu muke yi wa maƙwabtanmu shaidar da ba daidai ba. Ikkilisiyar Katolika ta raba wahayi gida biyu. Akwai wahayin da Allah ya ba dukan duniya, wanda ya cika a cikin Almasihu, ba kuma za a ƙara wani a kansa ba har ya dawo. Akwai kuma wanda suke kira wahayin mutum ɗaya, su Lourdes da Fatima duka a nan suke. Littafin katekisim nasu na 1992, sakin layi na 66 da 67, ya bayyana cewa wannan na biyun ba ya cikin ainihin bangaskiyar da aka danƙa wa ikkilisiya, ba ya gyara wahayin Almasihu, ba ya cika shi. Ɗan Katolika yana iya rayuwa ya mutu bai gaskata da Fatima ba, ba wanda zai ce ya fita daga addini. Wani babban malaminsu na ƙasar Sifen, Yohanna na Gicciye, wanda ya rasu a 1591, ya ma tsananta: a ganinsa mai roƙon Allah sabuwar ru'ya yana yi wa Allah laifi, tun da Allah ya riga ya faɗi kome a cikin Ɗansa.

Ba sa kuma gaggawa. Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to, kusan haka suke yi. Fadar Paparoma ta tsara ƙa'idodin bincike a 1978, ta sabunta su a watan Mayun 2024. Ana duba hankalin mai ganin da halinsa, ana duba ko saƙon ya saɓa wa koyarwa, ko akwai mai cin kuɗi a bayan abin, ko ana amfani da shi a mallake mutane, sa'an nan a dubi irin 'ya'yan da ya haifar. A sabon tsarin, bishop ba ya yanke hukunci sai ya kai wa Roma. Mafi girman abin da akan faɗa yanzu shi ne babu abin da ya hana mutane zuwa; an daina cewa tabbas daga sama ne, sai fa in Paparoma da kansa ya ba da izini na musamman. A 2024 wani bishop a Italiya ya soke labarin Trevignano, inda aka ce siffar Maryamu tana hawayen jini, ya ce ba daga sama ba ne.

To, amma abin da ke rubuce a Roma daban, abin da ke zuciyar mai ziyara daban.

Gani da ji

Mun taso da karin maganar nan, gani ya kori ji. A kasuwa gaskiya ce, ba ka sayen sa da labari. Bulus kuwa a Romawa 10:17 ya kafa bangaskiya a kan ji, jin maganar Almasihu. Ƙarfin labarin bayyana a kan zuciyar mutum daga wannan tsakanin yake fitowa. Mai bi ya shekara talatin yana ji, yana addu'a, sama shiru. Sai aka ce masa ga wata yarinya, talaka kamarsa, ta gani da idonta, ga dutsen, ga ruwan, kana iya zuwa ka taɓa. Allah da yake kamar yana nesa sai ya zama kusa. A lura kuma da waɗanda aka ce an bayyana gare su: 'yar itace, makiyaya, 'yan makarantar ƙauye. Talaka yana jin wannan a jikinsa, yana cewa ashe sama ta san da zamana.

Bai kamata mu musa cewa mutane suna canjawa ba. Akwai wanda ya dawo daga ziyara ya bar giya, ya shirya da ɗan'uwansa, ya kama addu'ar safe da yamma bai sake saki ba. Paparoma John Paul na biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, an harbe shi ranar 13 ga Mayu 1981, ranar tunawa da Fatima. Ya gaskata Maryamu ce ta kauce da harsashin, ya ba da shi aka sa a kambin siffarta a can. Ga mutum mai zurfin ilimin tauhidi, ga kuma yadda labarin yara uku ya zama masa madubin da yake duba ransa a ciki.

Kibeho ce take sa mu yi shiru mu yi tunani. A Agustan 1982 'yan matan sun yi ta kuka a gaban taro, suna cewa an nuna musu kogin jini da gawawwaki. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wurin shekara da shekaru. A 1994 kisan ƙare-dangi ya auku a ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne. An karkashe dubban mutane da suka fake a majami'ar Kibeho kanta, ɗaya daga cikin 'yan matan, Marie Claire, ita ma an kashe ta a shekarar. A 2001 Bishop Augustin Misago ya amince da shaidar mutum uku kaɗai cikin masu yawa da suka ce sun gani. Ɗan Katolika zai ce ga annabci ya cika, an yi gargaɗi ba a ji ba. Ko an ɗauka haka ne, abin da Ibrahim ya gaya wa mai arziki a Luka 16:31 ya tabbata: wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya taso daga matattu ba zai rinjaye shi ba. Ganin al'ajibi yana tara jama'a. Bai hana maƙwabci ɗaukar adda ba.

Haɗarin da muka fi gani a aikin kiwo shi ne bangaskiyar da ta saba da gani takan ji yunwar wani ganin. In an kwana biyu ba sabon saƙo, sai karatun Littafi Mai Tsarki ya zama kamar tuwo ba miya.

Inda muka tsaya

Ba mu ce Allah ba ya magana ta ru'ya ba. Karniliyus da Bitrus a Ayyukan Manzanni 10 sun ishe mu shaida, a ƙasar Hausa kuma mun san masu bi da mafarki ne ya fara sa su neman Yesu. Umarnin da aka ba mu a 1 Tasalonikawa 5:19-21 da 1 Yohanna 4:1 na gwadawa ne, ma'aunin kuwa saƙon ne, ba hasken da ya zo da shi ba. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce ko alamar ta cika, a dubi inda mai mafarkin yake jan mutane. Galatiyawa 1:8 ba ta ƙyale ko mala'ika ba.

Da wannan ma'auni, kiran tuba da addu'a ba mu da ja a kansa. Inda muka rabu shi ne matsayin da saƙonnin suke ba Maryamu. Macen Lourdes ta kira kanta da sunan koyarwar da Paparoma Pius na tara ya kafa a 1854, cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba. Ba mu sami wannan a Nassi ba, a Luka 1:47 kuwa ita da bakinta ta kira Allah Mai Cetonta. Lucia, a rubutun da ta yi a 1941, shekara 24 bayan abin, ta ce an nuna musu jahannama, aka ce ta wurin ibada ga zuciyar Maryamu za a ceci rayuka. A Aokpe ana kiranta matsakanciyar dukan alherai. Malaman Katolika za su amsa cewa babban taronsu na Batikan ya tabbatar a 1964 matsakanci ɗaya ne, roƙon Maryamu kuma kamar ka ce wa ɗan'uwa ya sa ka a addu'a ne. Mun ji, ya kuma kamata mu faɗi matsayinsu yadda suke faɗarsa. Sai dai ba inda Nassi ya koya mana kiran waɗanda suka riga mu barci, 1 Timoti 2:5 ba ta bar gurbi ba, ganinmu na ƙarshe da Maryamu kuma, a Ayyukan Manzanni 1:14, tana cikin masu addu'a ne tare da sauran almajirai.

Akwai wani abu na yankinmu. Dattawan da suka fito daga bori, in suka ji an ce mace mai fararen kaya a bakin dutse ko gindin itace, nan da nan sai su ce Doguwa ce. Mun gane inda tsoronsu ya fito, 2 Korantiyawa 11:14 ma ta ce Shaiɗan yakan yi shigar mala'ikan haske. Duk da haka kada fasto ya hau bagade ya ce 'yan Katolika bori suke yi. Ba ka da shaidar haka, surukar wani tana zaune tana jinka, daga ranar kuma ƙofar gidanta ta rufe gare ka. Tsakanin "daga Allah ne" da "daga Shaiɗan ne" akwai fili mai faɗi: ƙuruciya, azumi mai tsawo, zumuɗin taro, ido da ya daɗe yana kallon rana.

Laifi tudu ne. Mu da muke ganin 'yan Katolika sun cika son ru'ya, a addu'ar dare tamu mutum yakan miƙe ya ce "Ubangiji ya nuna mini," kafin gari ya waye an gaskata, ba bincike, ba jira. Fatima ta jira shekara 13, Kibeho shekara 20. Namu kuma sau da yawa ya fi nasu cutarwa, domin yakan zo da suna: an nuna mini wance ce ta kama yaron. Tsohuwa ta zama mayya a bakin gari a dare ɗaya. In irin wannan ya zo maka, kada ka ba shi bagade, ko a Zumuntar Mata, ko a taron matasa. Ka zauna da mai ganin tare da dattawa biyu, ya faɗi abin da ya gani, a rubuta da kwanan wata. Ka tambayi barcinsa da lafiyarsa da abin da ke tsakaninsa da wanda ya ambata. Ka buɗe Nassi tare da shi, ka gaya masa ikkilisiya za ta jira. Wadda aka ambaci sunanta kuma, ka je gidanta da kanka a ranar, kafin labarin ya riga ka isa.