Tsofaffin Motocin Gudu na Japan: Wacce Ta Fi Sauƙin Riƙo?

Tsakanin 1989 da 2002 kamfanonin Japan sun ƙera wasu motocin gudu da har gobe masoya mota ke begensu. A 1989 kaɗai Mazda ta fito da MX-5, Nissan kuma ta fito da Skyline GT-R samfurin R32 da sabuwar 300ZX. Honda ta biyo baya da NSX a 1990, Mazda ta sabunta RX-7 a 1991, Toyota ta kawo Supra ta huɗu a 1993. An tsara su ne lokacin da kuɗi ya wadata a Japan, aka sakar wa injiniyoyi mara suka nuna gwaninta. A 2002 sabuwar dokar rage hayaƙi ta sa aka daina ƙera Supra da RX-7 da Skyline GT-R a shekara guda.

Yau ko ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin. Wajen gudu tazarar manyansu ba ta da yawa, domin kamfanonin sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata mota a Japan da ƙarfin da ya wuce doki 280 ba, kuma manyan cikinsu duk a nan suka tsaya a rubuce. Wurin da suka rabu shi ne riƙo. Sayen doki rana ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum ne. Abu uku ke yanke wa mai mota hukunci: yadda aka ƙera injin, yawan motocin da aka yi, da samun bakaniken da ya san ta.

RX-7 ce ta fi kowace neman kulawa, kuma dalilin yana cikin injinta. Ba ta da fistin mai hawa da sauka irin na sauran motoci. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikin akwati, kuma a bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga bango yana hana iska kufcewa. Waɗannan ƙarafa suna cinyewa a hankali. Don rage gogayya, injin da kansa yana fesa baƙin mai kaɗan cikin ɗakin ƙonewa, saboda haka shan baƙin mai ɗabi'arsa ce, kuma dole mai ita ya riƙa duba ma'auni a kai a kai. Injin yana zafi ƙwarai, yana shan fetur, kuma idan ya tafasa sau ɗaya robobin da ke tsare ruwa suna iya lalacewa, sai an sauke shi an buɗe. Ga kuma turbo biyu, na'urorin da ke cusa wa inji iska, masu aiki ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ƙananan tiyo da yawa ke sarrafawa. Zafi da shekaru sukan busar da tiyon su tsage, neman wanda ya tsage kuwa aikin mai haƙuri ne. Wanda ya sayi RX-7 ya ajiye kuɗin sake ɗaure inji tun ranar farko.

Supra ta yi suna da akasin haka. Injinta, 2JZ, silinda shida ne a jere, lita uku, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe mai kauri. An ƙera shi da ƙarfin da ya wuce abin da ake nema a wurinsa, shi ya sa yake daɗewa idan ana canza baƙin mai da bel a kan lokaci. Nau'insa marar turbo yana cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300, waɗanda bakanikenmu sun saba gani, don haka ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Wahalar Supra tana wajen saye. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya mai da ita abar so a duniya, har motar da aka yi fim ɗin da ita aka sayar a gwanjo kan dala 550,000 a 2021. Tsadar ta shafi komai nata, daga giya zuwa fitila da robar ƙofa.

Skyline GT-R tana tsakani. Injinta, RB26, yana da ƙarfi da juriya, amma motar cike take da dabaru: tayoyi huɗu ke ja, na baya ma suna ɗan karkata tare da sitiyari, kuma kowace dabara na da famfo da waya da ke tsufa. Fukafukan turbo nata na asali na tangaran ne, sukan farfashe idan an matsa musu fiye da kima. Tsatsa kuma tana cin bodinta. 'Yar'uwarta 300ZX matsalarta matsi ne: an cusa injin da turbo biyu a ɗan wuri, har ƙaramin gyara kan sa a kwance abubuwa da yawa, kuɗin aiki ya wuce kuɗin kaya.

NSX tana da inji mai aminci irin na Honda, ba ta da turbo, ba ta cika ba da ciwon kai ba. Amma jikinta na alminiyam ne, idan ta yi karo ba kowane mai buga bodi ke iya taɓa ta ba, kuma kaɗan aka ƙera, kayanta na da tsada. MX-5 kuwa ita ce mafi rauni a gudu, ita ce kuma mafi sauƙin zama da ita. Injinta ƙarami ne mai silinda huɗu, komai a fili yake, kuma zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya. Inda mota ta yi yawa, kayan gyara sababbi da na hannu ba sa yankewa. Babbar abokiyar gabarta ita ce tsatsa a ƙarƙashin ƙofofi.

Doka ma tana da hannu a farashi. A Japan ana yi wa mota binciken lafiya mai tsanani duk shekara biyu, haraji kuma yana ƙaruwa idan ta wuce shekara 13, abin da ya daɗe yana tura tsofaffin motoci ƙasashen waje da araha. Amurka kuwa ba ta barin a shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba sai ta cika shekara 25. R32 ta cika a 2014, R34, samfurin Skyline GT-R da aka daina ƙerawa a 2002, ta fara cika a 2024, kuma da ƙofar ta buɗe masu saye suka yi yawa, farashi ya tashi. Ganin haka kamfanonin suka koma ƙera kayan da suka daina: Nissan ta fara da na R32 a 2017, Toyota ta bi da na Supra a 2020. Wannan ya kawo sauƙi, ko da yake ba kowane kaya aka dawo da shi ba.

Mai sha'awarsu a ƙasarmu yana da ƙarin lissafi. Waɗanda aka yi don kasuwar Japan sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Motocin gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa, ba su son rami. Masu turbo suna buƙatar fetur mai inganci sosai, zafi da ƙura kuma suna gajiyar da lagireto da tiyo.

Kowace iri mutum ya zaɓa, tarihin motar ya fi sunanta muhimmanci. Da yawansu sun sha hannu, an ƙara musu ƙarfi, an yi tsere da su. RX-7 da aka riƙe da amana, da takardun gyaranta a hannu, ta fi Supra da aka wahalar. Kafin a biya kuɗi, a gwada matsin inji, a ɗaga motar a duba ƙasanta, a kuma tabbatar akwai wanda zai gyara ta a kusa. Idan ɗaya daga cikin ukun nan bai samu ba, haƙura da cinikin ya fi alheri, komai arahar motar.