Tiyatar zuciya ga yara: me ke sa wani ya miƙe da wuri, wani ya daɗe a gado?

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da tawaya a zuciya. Wani huda ce a bangon da ya raba sassanta, wani jijiya ce ta tsuke. A nan Lome, idan likitocin asibitin Sylvanus Olympio ko na Campus suka tabbatar da ciwon ta hoton zuciya, sau da yawa sai iyaye su fara neman hanyar fita waje. Akwai cibiyar zuciya ta Korle Bu a Accra, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa, da cibiyar Cuomo a Dakar. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda Farfesa Francine Leca ta kafa a 1996, tana kai yara Faransa, wani gida ya riƙe su har a yi musu aiki.

To amma samun tiyatar rabin tafiya ne. Wani yaro cikin kwana 10 an sallame shi, wani kuwa sai ya kwashe makonni a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura na taya shi numfashi.

Babban abin da ke kawo wannan bambanci a wurinmu shi ne jinkiri. Idan huda babba ce, jini yana kwarara zuwa huhu fiye da ƙima, a hankali jijiyoyin huhun su yi kauri su taurare. Yaron da aka yi wa aiki yana jinjiri yakan tsira daga wannan. Wanda ya kai shekara 5 ko 6 kuwa, ko an toshe hudar, zuciyarsa za ta ci gaba da kokawa da huhun da ya riga ya taurara. Wani lokaci ma likita ya ce aikin ba zai yiwu ba sam. Alamun kuma ba ɓoyayyu ba ne: jariri yana haki da gumi in yana shan nono, ba ya ƙara nauyi, tari da ciwon haƙarƙari ba sa rabuwa da shi. A makaranta mukan ga yaron da in ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna, leɓɓansa sun yi shuɗi. Wannan tsugunon ba ƙiwuya ba ce. Amma a Zongo sai a ce iska ce, a yi ta jiƙe-jiƙe, a kai wa wanzami ya yi tsaga a ƙirji, shekaru na tafiya.

Rama ma tana da nata. Zuciyar da ke aiki ninki biyu tana cinye abincin da yaro ya ci, jikin da ya rame kuwa ba ya haɗe rauni da wuri, ba ya iya kare kansa daga ƙwayoyin cuta. Ga ƙarancin jini daga zazzaɓin cizon sauro, ga sikila da ba baƙuwa ba ce a Togo. Dole likitan tiyata ya san da ita tun kafin ranar aiki.

Wasu abubuwan ba a hannun iyaye suke ba. Bakwaini, ko mai lalurar Down, ko wanda tawayarsa ta haɗa lahani da yawa, yakan daɗe. Haka in aikin ya yi tsawo, yaro ya jima a kan na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, ƙoda da huhu sukan jigata.

Bayan an dawo gida fa, a nan ake yawan sakaci. Ƙashin ƙirji da aka tsaga yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan lokaci ba a ɗaga yaro ta hammata, sai dai a tallafo shi ta ƙasa da bayan wuya, goyo ma a tambayi likita tukuna. Masu zuwa barka su yi haƙuri, mai mura ya gaisa daga bakin ƙofa, musamman lokacin hunturu da ƙurarsa. Kada a shafa wa ɗinkin man kaɗanya ko wani garin magani, kada kuma a tsayar da magani don an ga yaro ya soma wasa. A kula da haƙoransa, domin ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta sauka a zuciyar da aka gyara.

Zazzaɓi, ko ruwa daga wurin ɗinki, ko kumburin fuska da ƙafafu, ko numfashi da sauri, duk wanda aka gani daga ciki a koma asibiti a ranar, da takardun tiyatar a hannu.