Farfesa Rita Colwell: Masaniyar Da Ta Yaƙi Kwalara Da Tsohon Zane

A duniyar masana, ana auna malami da abu biyu: yawan binciken da ya wallafa, da yawan lokutan da sauran masana suka kafa hujja da aikinsa. Ta duka fuskokin biyu, Farfesa Rita Colwell ta Jami'ar Maryland a Amurka ta yi fice. An haife ta a 1934, ta wallafa maƙalun bincike sama da 800 kan ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma an ambaci ayyukanta sau dubun-dubata a rubuce-rubucen takwarorinta. A 1998 ta zama mace ta farko da ta shugabanci gidauniyar kimiyya ta ƙasar Amurka, har zuwa 2004.

Amma abin da ya sa muka kawo miki labarinta, uwargida, ya fi waɗannan alƙaluma kusa da randarki.

Da can, likitoci da yawa sun ɗauka ƙwayar cutar kwalara ba ta daɗewa a raye in ba a cikin mutum ba. Colwell ta nuna cewa ƙwayar tana zaune a koguna da tafkuna, tana maƙale a jikin wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa. Ta kuma gano cewa takan yi lamo, kamar ta mutu, har gwajin da aka saba ya kasa gano ta, alhali tana nan da ranta. An jima ana yi mata gardama, amma bincike ya gaskata ta, kuma yau masu nazarin kwalara da wuya su yi rubutu ba su ambace ta ba.

Daga nan tunani ya zo: tunda ƙwayar a jikin ƙwaron take, in an tace ƙwaron ai an rage cutar. Ita da abokin aikinta Anwar Huq suka gwada hakan a ƙauyuka 65 na Bangaladash, inda mutane kusan 133,000 ke zaune. Aka koya wa mata su ninka tsohon zanensu na sari aƙalla sau huɗu, su rufe bakin tulu da shi lokacin ɗibar ruwa. Tsohon zane ya fi sabo, domin yawan wanki kan sa zarensa ya yi laushi, ƙofofinsa su tsuke. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin ɗari. A 2010 aka ba ta lambar yabo ta ruwa ta birnin Stockholm.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dangin wannan ƙwaro ne ke ɗauke da kurkunu, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin abin da ya taimaka har aka tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013.

Sai dai a kula: tacewa ragi take yi, ba ta kashe ƙwayar. Idan ruwan kogi ko tafki kike amfani da shi, musamman da damina, ki tace, sannan ki tafasa ko ki sa maganin tsaftace ruwa. Ki ɗauraye zanen bayan kowace tacewa, ki shanya shi a rana ya bushe sarai. In kuwa yaro ya fara gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko da amai ko babu, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ki garzaya da shi asibiti. Kwalara kan kashe cikin sa'o'i kaɗan.

Ke fa, yaya kike tsaftace ruwan shan iyalinki in damina ta kankama? Ki gaya mana a ƙasa, ko wata uwar za ta ƙaru.